Rasuwar Jesi Mai Lamba Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan kallo rasuwar rigata, jesi mai lamba tara, wadda ta cika ranar Asabar da la'asar a falona, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Na saye ta washegarin ranar da ƙungiyarmu ta ɗauki kofi, kuma tun daga ranar sabulu bai taɓa jikinta ba, don duk mai hankali ya san ba a wanke sa'a. Ta sha gumina, ta sha maiƙon duk abin da na ci a gaban talabijin, ta share min hawaye ba adadi. Ba ta da magana sai ɗan "kyat" ɗin da take yi a hammata idan na ɗaga hannu murnar cin ƙwallo, shi ma rabon da in ji shi har na manta. Maiɗakina ta sha cewa, "Ko rigar nan ta bar ɗakin nan, ko ni in bar mata." Marigayiya ba ta taɓa tanka mata ba.

Ga yadda ajali ya zo. Maiɗakina ta kwashi yara sun tafi gidan yayanta, gida ya yi tsit, ruwa kuwa tun safe kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin karnuka yana yoyo, sai tausayi, wanda shi ne babban aibina, ya sa na shigo da su falo: Gola, wanda ko ɓera bai taɓa cafkewa ba, da Rafali, wanda ba ya ganin komai sai abin da ya ga dama. Muna zaune lafiya lau hoto ya ɗauke. Na tuɓe marigayiya na shimfiɗa ta a hannun kujera, don kada ruwan sama ya wanke min ita, na fita gyara dish.

Minti biyar na yi. Na dawo na tarar Gola ya yi kamu na farko a rayuwarsa. Rafali kuwa, maimakon ya raba, shi ne riƙe da ɗaya ɓangaren. Marasa mutunci, har da kaɗa min wutsiya.

Ta rasu ta bar wuya, da hannu ɗaya, da rabin lamba tara, da gajeren wando abokin zamanta.

Abin da ya fi ɗaga min hankali, wasa biyu suka rage mana, in ba mu ci duka ba mun faɗa ƙaramin rukuni. Ranar Lahadi na zauna da singileti, ina jiran a yi mana wulaƙanci. Muka ci huɗu da nema. Ɗan gabanmu, wanda ko raga aka buɗe masa sama yake bugawa, shi ya zura uku. Maiɗakina ta bugo waya tana ƙyaƙyatawa: "Baban yara, ashe ita ce ta danne ku duk shekarun nan? Don Allah ka ƙara wa Gola nama." Na kashe wayar. Ba a faɗin aibin mamaci, ko da kuwa tun zuwanta ko cokali ba mu ɗauka ba, balle kofi.

Za a binne ta a bayan gida da zarar ruwa ya tsagaita, a rami mai zurfi, don Gola gwanin tono ne. Ba a gayyaci karnuka ba. Masu ta'aziyya su riƙe dariyarsu a bakin ƙofa.

Hannun da ya tsira kuwa ba za a binne shi ba. Na aika wa maiɗakina ta cusa shi a ƙarƙashin kujerar yayanta, wanda shekara goma yana min dariya. Da ƙungiyarsu za mu buga ranar Asabar.