Ranar da Ustaz Ya Fassara Fassarata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Lahadi a Riyad, ranar da na zauna a ofis mai sanyi ina jin muryata tana fitowa daga wayar wani, gumi kuma yana bin bayana.

Shekarata shida ina aiki a wani kamfanin gyaran lif da na'urar sanyaya ɗaki can wajen Utaiƙa. A iƙamata, wato katin izinin zama, an rubuta “amil”, wato lebura, duk da ina da takardar difloma a ƙasan akwati (tana cikin leda, ba ta taɓa ganin ranar Saudiyya ba). Wanda iƙamarsa ta ce lebura ba shi da hurumin ɗauko iyali. Matata Hadiza tana Gusau, kuma duk wayar da muka yi da “To, yaushe?” take ƙarewa. Sai ga shi an buɗe gurbin mushrif, mai kula da ma'aikata, wanda idan mutum ya samu za a canza masa sana'a a iƙama. Mu uku muka nema. A ganina sauran biyun rakiya suka yi min, don ni kaɗai ne nake jin Turancin manajanmu, Mista Kolin, wani dogon Bature ɗan Ingila.

Turancin nan kuwa a fim na gyara shi. Ina da wata cuta, ta son tsofaffin finafinan Ingila na shaguɓe, masu sa mutum dariya a kan abin da ya kamata a yi wa kuka. Za a ɗauki wata ma'aikata a nuna yadda komai ya dagule, manya suna sama suna liyafa, ƙanana suna ƙasa suna yajin aiki, kowa yana cewa ba aikinsa ba ne. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci mun ci shinkafa, sai mu shida 'yan ɗakinmu a Jaradiya mu ɗora kwamfuta a kan bokiti mu zauna. Ba mai jin abin da ake faɗa sai ni, don haka na zama mai fassara, irin yadda ake yi wa finafinan Indiya a gida. Kowa kuma ya san mai fassara ba ya tsayawa inda ɗan wasa ya tsaya. Sai ya ƙara gishiri, ni kuwa hannuna yana da nauyi.

Juma'ar da ta jawo min, fim ɗin wani babban otal muka kalla. Mai otal ɗin ya mutu a cikin lif, lif ɗin ya maƙale tsakanin hawa biyu, masu gyara sun ce ba za su taɓa ba sai an cike takarda, takardar kuma sai mamacin ya sa hannu. Kwana uku gawa tana rataye, ana ta kiɗa da rawa a sama. To, ka ce wa masu gyaran lif su kalli wannan! Ban san lokacin da na fara raba wa 'yan wasa sunayen mutanen ofishinmu ba. Manajan otal ya zama Kolin, gawa ta zama kafil ɗinmu, wato ubangidanmu mai kamfani, sakataren da ke bin manaja da jakar takardu kuma ya zama Ustaz Abdurrahim, ɗan Sudan ɗin da ke kula da takardun ma'aikata.

Ilu ɗan Maraɗi, ɗaya daga cikin 'yan ɗakinmu, ya yi dariya har ya faɗo daga katifa, sannan ya ɗauki waya ya naɗi bidiyon fassarar wajen minti huɗu. Da ya turo min, na kalla sau uku, na ji kaina ya yi girma. Ni da hannuna, ba wanda ya sa ni, na tura shi guruf ɗin ma'aikatan kamfani.

Ilu ya ce, “Kai, aboki, ba Ustaz na cikin guruf ɗin nan ba?”

Na ce, “Yana ciki mana. Da wane kunnen zai ji Hausa?”

(A nan ya kamata in faɗi wani abu don kare kaina. A ƙasar nan Hausa bargonmu ce. A gaban kafil muke zaginsa muna murmushi, shi ma yana murmushi yana cewa “tayyib”. Shekara shida ban taɓa ganin bargon ya yaye ba.)

Ranar Lahadi aka kira ni ganawa kan gurbin mushrif. Na sa farar riga da na kai guga tun Alhamis. Mista Kolin ya nuna min kujera, aka kawo min shayi a kofin gilashi, abin da ban taɓa sha ba a kamfanin nan, don mu a kofin takarda muke sha, a tsaye, a bakin sito. Ustaz yana gefe da jakarsa a cinya. Tambayoyi suka tafi sumul. Ina amsawa ina lanƙwasa harshe, har da ɗan tari irin na manya.

Da muka kusa gamawa sai Mista Kolin ya ce da Turanci, “Saura abu ɗaya.” Ya miƙa hannu, Ustaz ya ba shi waya. Sai na ji dariyar Ilu, sai na ji muryata.

Ya ce, “Na san fim ɗin nan. Mahaifina yana sonsa sosai. Sai dai ban taɓa sanin akwai sunana a ciki ba. Me kake ce musu?”

Na ce, “Fassara ce kawai, yallaɓai, kalma da kalma. Turanci nake koya musu.”

Ya gyaɗa kai, ya juya ya kalli Ustaz. Ustaz ya gyara tabarau, ya dawo da bidiyon farko, ya riƙa tsayar da shi jimla bayan jimla yana mayarwa Turanci, da murya irin ta mai karanta sanarwa.

Muryata ta ce, “Ku dube shi, Kolin ke nan. Bai san kan sukudireba daga gindinta ba, amma sai an sa hannu uku kafin ya ba ka ita.” Ustaz ya fassara.

Muryata ta ce, “Ga kafil can ya kwana uku da mutuwa ba wanda ya lura, don da ma sai ranar salla ake ganinsa.” Ustaz ya fassara, har da ranar sallar.

Na san abin da ke tafe. Na kalli ƙofa, na kalli taga, hawa na huɗu muke. Muryata ta ce, “Ga Ustaz, jelar Bature. In Kolin ya yi atishawa, shi ke cewa alhamdu lillahi.” Ustaz bai rage ko wasali ba. Ya ma tsaya ya yi wa Baturen bayanin wanda ya kamata ya yi hamdala idan an yi atishawa, don kada ma'anar ta wuce shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ji da ma ni ne gawar cikin lif.

Mista Kolin ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har fuskarsa ta yi ja, ya cire tabarau yana share ido, ya ce a sake sa wurin sukudireba. Ya miƙo min hannu ya ce ina da baiwa, ya daɗe bai yi dariya haka ba.

A bakin ƙofa Ustaz ya dafa kafaɗata, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi, “Sannu da aiki, malam. Kakata Bahaushiya ce. Hajji suka taho a ƙasa, suka yada zango a Sudan, ba su ƙarasa ba.”

Na ce, “Allah ya jiƙanta.” Ya ce, “Tana da rai.”

Ga inda wautar ta cika. Ina sauka ƙasa sai na fara lissafi: ai Bature ya yi dariya, ai su mutane ne masu son a yi musu shaguɓe, ai na gani a fim. Kafin in kai bakin titi na gama shawo kaina cewa bidiyon nan ma shi ya ɗaga ni sama da sauran. Na kira Hadiza na ce ta fara neman fasfo. Na ji ta tana guɗa tana kiran ƙanwarta.

Ranar Alhamis aka liƙa takarda a bakin sito. An ba da gurbin ga Mizan, wani ɗan Bangaladesh wanda a shekara shida ban taɓa jin ya ƙarasa jimla ba. Ni kuma Ustaz ya kawo min saƙo da kansa: manaja ya ce a walimar ƙarshen shekara ni zan riƙe lasifika in nishaɗantar da baƙi. Iƙamata tana nan yadda take.

Sai da na kwana biyu kafin in iya kiran Gusau. Hadiza ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ba kai ka ce ya yi dariya ba?”

Na ce ya yi.

Ta ce, “To, Allah ya sa ya ji daɗi,” ta kashe wayar. Wannan ya fi min ciwo fiye da komai da aka yi a ofishin.

Finafinan nan na kalli sun fi talatin, kuma da na zauna na tuna, babu ko ɗaya da na ƙasa ya hau sama don ya ba na sama dariya. Abin da suke ta faɗa ke nan tun farko, ni kuma bakina yana aiki, kunnena yana hutu. Na dai koyi cewa dariyar babba ba sa hannu ba ce, kuma yanzu kafin in zagi kowa da Hausa sai na tambayi asalin kakarsa.