Gahawar Tafasa a Ranar Gaisuwar Surukai

Komai zan iya mantawa da shi a rayuwata, amma ban da Asabar ɗin da na je gaisuwar surukai a Gafasa.

Abin ya faro ne daga Baba. Tsohon direba ne, ya daɗe yana jan bas tsakanin Gaya da Kano, kuma tun a lokacin ya saba da gahawa mai ƙarfi. Da hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya bar ta. Ya bari ɗin, amma sai ya koma wani mutum dabam. Ba hira, ba dariya, da safe ya tasa shayi a gaba kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare (wannan shi ya ƙara wa kunyar nauyi). Ina latse-latsen waya na ci karo da bayanin cewa ana soya ƙwayar tafasa, a daka, a sha a madadin gahawa. Wai ba ta hana barci, ba ta tayar da bugun zuciya, har wasu na cewa tana gyara ciki. Tafasar nan dai da ake kwaɗo da ganyenta, ga ta birjik a bayan gari. Na je na tsinko, na ɓare, na ɗora kasko. Tana fara yin ja na sauke, wai don kada wuta ta kashe amfaninta.

Ranar Asabar da safe na dafa ta da kauri na kai wa Baba. Ya shinshina, ya dube ni.

"Kai fara sha mu gani."

Na shanye kofi ɗaya. Don in nuna masa ba abin tsoro, na ƙara biyu.

"To," in ji shi, "bari mu ga yadda za ka wuni."

Na zura babbar riga, abokina Nafi'u ya ɗauke ni a babur. Ba mu wuce Ajingi ba na ji cikina ya fara magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina fargaba ce.

A zaure muka tarar da Malam Haruna, mahaifin Rabi wadda nake nema, da ƙannensa biyu. Muka durƙusa muka gaisa. Ana cikin tambayata aiki, cikin ya yi wani ƙugi da ko na waje zai ji. Na yi tari don in rufe. Ya sake, ya fi tarin ƙarfi. Gumi ya keto mini.

Na dubi Malam Haruna na ce, "Baba, a taimaka mini da buta, zan yi alwala."

Ƙarfe sha ɗaya na safe fa! Ɗaya daga cikin ƙannen ya gyaɗa kai. "Masha Allahu, walaha zai yi."

Banɗakin yana can ƙarshen gida, sai ka ratsa tsakar gida cike da mata. Na ratsa ina sunkuye. Na dawo, ko zama ban gyara ba na sake neman buta. A karo na uku ban nemi izinin kowa ba. Na tattare babbar riga na kwasa da gudu, ba ko takalmi, kaji suna watsewa.

Da na fito, sai ga Iya, kakar Rabi, zaune a kan tabarma tana jirana.

"Zo nan, angona. Me ka ci?"

Na faɗa mata gaskiya, muryata kamar ta ɗan firamare.

"Ɗanya ka sha?"

"An ɗan soya, Iya."

"An ɗan soya!" Ta tafa hannu tana dariya har da hawaye. "Ai sai ta yi baƙi, ƙamshinta ya cika gida. Kuma ɗan ƙaramin cokali ake sawa. Marigayi mijina ya sha ta shekaru, bai taɓa tsere da kaji ba."

Daga bayan labule na jiyo wata dariya da na sani sarai. Ta Rabi ce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Iya ta sa aka ɗora kasko, ta soya ƙwayar tafasa a gabana, ta daka, ta ƙulle mini a leda. "Kai wa babanka. Kai kuma kada ka ƙara."

Na koma zaure na tabbata magana ta lalace. Ashe labari ya riga ni. Malam Haruna, yana danne dariya, ya ce, "Yaron da zai gwada abu a cikinsa kafin ya ba mahaifinsa, ai ba za a ƙi ba shi 'ya ba." (Ban gaya masa Baba ne ya sa ni ba. Nafi'u ma ya rufa mini asiri.)

Wannan karon sai da na nuna wa likita. Ya ce Baba zai iya shan kaɗan, amma kada ya kuskura ya ajiye maganinsa. Yanzu kullum da safe yana kurɓar ta Iya, ya ce ba ta kai gahawarsa ta da ba, sannan ya miƙo kofi a ƙara. Hira ta dawo, kuma rabinta a kaina ake yi. An ɗaura aurenmu da Rabi bayan girbi, amma har yau a Gafasa sunana Mai Walaha.

Abin da na koya shi ne, duk abin da waya ta faɗa maka, ka nemi tsohuwa ta duba maka. In kuwa ka nace sai ka gwada da kanka, to ka zaɓi ranar da ba ka da inda za ka.