Anaruwa da Ƙugiya Mai Fiffike

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani saurayi, Anaruwa, da ke zaune da mahaifiyarsa Iya Dudu da zabinta shida. Yana da ƙarfi da kirki, sai dai duk abin da aka ce masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Lantana 'yar Baba Maigora masunci yake so. Al'adar gidan kuwa, mai neman aure sai ya kawo kifin da ya kai tsawon damtsensa, wanda ya kama da fatsa da hannunsa, kafin rafi ya kawo ruwan damina. In ruwa ya riga shi, sai baɗi, ga kuma wani mai shago a gari yana ta aiko da gaisuwa.

Wata rana ya je wurin kawunsa Barau, tsohon masunci, neman dabara. Kawu ya ce, "Kada ka bari kifi ya ga ko inuwarka." Anaruwa ya koma bayan wata tsamiya mai nisan taku talatin da ruwa, ya jefa ƙugiya. Kan yashi ta sauka. Da la'asar ya ji an ja, ya fizgo da murna, sai ga kazar Baba Maigora tana kuka. Ya kai ta har gida, ya tambaya ko za a auna. Baba Maigora ya ce, "Ɗana, je ka dai. Mai iyo muke nema."

Wata rana kuma Kawu ya ce, "Matsa kusa da ruwan. Amma ba magana, ba motsi, sai ka ji an ja zare." Lantana ta zo wanki, ta ce, "Ina kwana, Anaruwa?" Shiru. Ta tambayi lafiyar Iya. Shiru. Cinnaku na hawa ƙafarsa, hawaye na zuba, bai ko ƙifta ba. Ta gama wanki ta shanya, ranta a ɓace, har ta ɗauki kwano za ta tafi, sai ta tsaya ta dube shi. Ta sunkuya ta ja zaren da yatsa ɗaya.

"Lafiya lau, Iya tana lafiya, sannu da wanki, cinnaku na cizona," in ji shi a numfashi ɗaya.

Sai da ta zauna a kan dutse don dariya.

Wata rana ya kama 'yar karfasa kamar tafin hannu. Da yake Kawu ya ce ƙanana a mayar da su su girma, ya sake ta, ya zauna yana jira. Da yunwa ta kore shi gida ya ce wa Iya, "Na samu kifin, yana can yana girma. Na gane fuskarsa."

Sai ga ruwan farko ya sauka, shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi, masunta suka ce jibi rafi zai cika. Lantana ta tare shi a bakin rijiya, ta yi ƙasa da murya. "Yanzu kifi ba ya kallon tana. Abu mai fiffike yake ci, a saman ruwa." Shinge take nufi, kowa ya sani. Anaruwa ya wuce gida, ya kama zabuwar Iya, ya fige gashi biyu, ya ɗaure su jikin ƙugiya da wani jan zare da ya ciro daga aljihu.

Washegari masunta suka cika gaɓa, kowa da shingensa, suna jefawa yana zamewa daga ƙugiya. Suka ga Anaruwa yana kaɗa sanda gaba da baya a saman kansa.

"Me kake kora, angon baɗi?"

"Ai mai fiffike ne. Sai ya tashi kafin ya sauka."

Gashin ya sauka kan ruwa a hankali, bai nutse ba. Suna cikin dariya ruwa ya dare, sanda ta lanƙwashe. Da ƙyar ya jawo tarwaɗa har kan yashi. Baba Maigora ya ɗora ta a damtsen Anaruwa, jelarta ta wuce gwiwar hannu. Anaruwa ya ce ko a mayar da ita ta ƙara girma, Lantana da ta zo wanki ta yi maza ta kife kwanon wanki a kan tarwaɗar ta zauna a kai.

Tana cire ƙugiyar ta ga jan zaren. "Wannan ba na bakin ɗankwalina ba ne?"

"Shi ne. Bara a rijiya kika ce in riƙe miki."

"Shi ne har yau?"

"Ba ki ce in saki ba."

Lantana ta sunkuyar da kai, ta mayar masa da zaren cikin tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai. Kafin ranar ɗaurin aure, babu zabuwar da ta rage da cikakken gashi a Rafin Kanya.