Ranar da na ɗaure jirgi kamar rumfa

Ni da nake kafa rumfunan biki a Bani Harisa, wa zai koya mini ɗaurin igiya? Haka na gaya wa Mansur, ƙanin matata, ranar da ya kai ni Yanbu kallon tseren jiragen da iska ke turawa. Nasa kwale-kwale biyu ne a haɗe, da doguwar sanda a tsakiya.

Zai tafi alwala ya ce, "Yaya, duba mini sandar nan, kamar ta karkace."

Na ja wayar dama, sandar ta kwanta dama. Na ja ta hagu, ta yi ƙara. Gumi ya karyo mini. In ta karye, da wane ido zan kalli matata? Sai na yi abin da na iya: na kama igiyar da ta sauko daga samanta, na ɗaure tam a wani ƙarfe a bakin gaɓa. Ta miƙe sambal.

Mansur ya dawo a guje, aka busa usur, jirage suka fita. Nasa ya yi gaba kaɗan, igiya ta fizgo shi baya. Yana ihu da Larabci, "Esh hada, Yaya? Mene ne wannan?"

Har yau in ina kafa rumfa a dangi, sai wani ya ce, "Mu'allim, ɗaure ta sosai, kar ta tafi Masar."