Talatin O San

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa motar Kiari talla a gaban surukaina ba, ni da na je da niyyar kashe mata kasuwa.

Kiari mijin ƙanwar matata ne, yana aiki a wani furoje, irin ayyukan nan na ƙungiyoyin raya ƙasa, a nan Diffa. Ni kuwa ɗan Damagaram ne mai shagon kayan masarufi, kuma tun da na yi aure a gidan, motata ce ke ɗaukar kowace amarya ta dangi. Akwala ce, na yarda, ƙofar baya sai an buɗe ta daga waje. Amma ita ce motar amarya, kuma wannan matsayi ya fi min motar kanta.

Sai ga Kiari ya dawo daga Yamai da sabuwar mota baƙa, sabon fitowa, irin masu gudun nan da cikinsu ke kusan shafar ƙasa. In ya tayar da ita sai ka ji ƙarar a ƙirjinka. Na ce masa Allah ya sa alheri, na shafa ta har da murmushi, amma wallahi kishi ne fal cikina. Matata Fanna ta shiga sau ɗaya, ta dawo tana ba ni labarin sanyin ciki har na ce kaina ke ciwo.

Ana haka bikin Falmata, autar su Fanna, ya taso, za a kai ta Maine-Soroa. Na san in ban yi wani abu ba, an gama da ni. Sai na hau waya ina neman aibin motar nan. Gudu ba a magana, kyau ba a magana. Can na faɗa kan wani shafi da Turancin Ingilishi (wanda iyakacina da shi gaisuwa da 'yan Najeriya a kasuwa) inda aka rubuta awon shan manta. Lambobi uku ne a jere. Mu nan in an ce mota tana shan kaza "o san", ana nufin litar da take sha a kilomita ɗari, kuma yawan lambar shi ne muninta. Don haka na tsallake ƙananan, na ɗauki babbar: talatin. Daɗi ya kama ni kamar an ce min tattasai ya yi tsada bayan na cika sito.

Ranar da maza suka zauna a zauren Baba Alhaji, surukinmu, don tsara tafiya, na bari har aka zo kan maganar motoci. Ni da ban cika ɗaga murya a gabansa ba, sai ga ni na yi gyaran murya.

"Baba, ba don komai ba, motar Kiari talatin take sha o san. Talatin! In aka sa amarya ciki, sai an haɗa ta da tanka a baya."

Aka yi salati. Wani kawu ya riƙe baki. Na ƙara da cewa masu ƙera motar da kansu suka rubuta, na miƙa wayar ana zagayawa da ita.

Da ta iso hannun Kiari, ya duba ta da kyau. (Da ma ya yi fushi, da na ji sauƙi.) Cikin ladabi ya ce, "Yaya, wannan awon Amurkawa ne. Su ba lita suke ƙirgawa ba, nisan da galan ɗaya zai kai ka suke faɗa. In lambar ta yi yawa, yabo ne. Wannan da ka zaɓa ta kan gudron ce, wato in ana tafiya kan babbar kwalta, da awonmu ba ta kai takwas ba. Ni ma ban san ta kai haka kirki ba, na gode."

Baba Alhaji ya juyo gare ni a hankali ya ce, "To madalla. Kai kuma taka nawa take sha?"

Me zan ce? Allurar man motata ta mutu tun kafin a yaye ɗanmu na fari. Da kara nake auna tanki, kuma kowa a zauren ya taɓa tura motar. Na buɗe baki na ce, "Ya danganta da iska, Baba." Kawun nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ranar kai amarya, Falmata ta shige baƙar mota ana guɗa. Ni aka loda min tukwane, tabarmi da gwaggo biyu masu yi min nasiha har Maine. Kiari ya wuce mu tun kafin mu bar gari, ya ɗaga min hannu da fara'a, abin da ya fi komai ƙona min rai.

Har yau in na shiga gidan surukai, sai in ji mata daga ciki suna cewa, "Talatin o san ya iso, a kawo ruwa." Kishin bai sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya dai shi ne, in zan ɗauko lamba in jefi mutum da ita, in fara tambaya ko ta wajena take ko ta wajensa.