Ciyawa a Inuwar Majalisa

A wani daji da gobara ta cinye ƙurmus, fadama guda ce ta rage da ɗanyen tsiro. Barewa mai goyo kullum tana zagaya ta, ta sunsuna, ta koma, don tsiron bai isa ci ba, nononta kuwa sai janyewa yake. Dabbobi suka kasa zaune suka kasa tsaye, aka kira majalisa.

Giwa, shugabar zaman, ta ce, "Jama'a, an bincika. Ganyen nan da kuke gani shi ke girka abincinsa da kansa. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya zuƙi iska, hasken rana ya dafa masa, ba murhu ba hayaƙi. To, abin da ranmu ya rataya a kansa, a bar shi a fili ba uba ba ubangida? Shawarata, a sa shi ƙarƙashin inuwar majalisa."

Kura, wadda ba ta taɓa sa ciyawa a baki ba, ita ta fara cewa madalla.

Barewa ta ce, "Ranki ya daɗe, wace irin inuwa? Ta baki, ko ta rumfa?"

Biri, sarkin aiki, ya tare ta: "Ke uwar yaro, majalisar nan ba ta inuwar baki. Abin da ta faɗa sai an gani a ƙasa."

Aka gani kuwa. Aka saro kaba, aka kafa rumfa ta rufe fadamar ruf, manya suka sami wurin hutawa da rana.

Ba a daɗe ba tsiron ya koɗe, ya yi tsawo ba ƙwari. Barewa ta rugo wurin Dila mai gadi, ɗanta na tangaɗi a bayanta.

"Malam Dila, wutar girkin kuka toshe. Ɗage min kaba ɗaya tak, rana ta shiga."

"Ba a ɗage kaba sai an zauna," in ji Dila. "Ki yi haƙuri, akwai na gabanki. Kin ga tsiron can na baki-baki da ke karkata waje? Maganar rashin biyayyarsa ma ba a gama ba."

Ta je wurin Biri, ya tura ta wurin Kura. Kura ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa, ta ce ta dawo gobe da shi.

Barewa ba ta koma ba. Ran da ciyawar ta kwanta gaba ɗaya, ta tasa ɗanta gaba ta bar dajin.

Majalisa ta zauna kan mutuwar ciyawar, ta gano rana na saɗaɗowa ta gefen gabas. Aka tura Biri ya ƙaro kaba.