Rigunan Tallar Gidan Ƙyalli

Wani ne a garin Isa, mai shagon sabulu da turare da man shafawa a bakin kasuwa. Mutumin nan ya yarda har zuciyarsa cewa daga Sabon Birni zuwa iyakar Nijar Allah bai yi kyakkyawa kamarsa ba. Madubin da ya rataya don masu saye, shi ya ƙarar da shi da kallo. Fuskar kuwa, to, halittar Allah ce, ba za mu ce komai ba. Amma dai in ya yi murmushi awaki kan sake hanya.

Ana nan sai wani Abdulrauf ya buɗe irin shagon daura da nasa. Ya buga huluna hana-salla masu sunan shagonsa, ya raba wa 'yan kabu-kabu. Duk inda babur ya gifta, sunan shago ya gifta. Kafin ka ce me, masu saye sun koma can. Namu ya rage daga shi sai ƙuda sai madubi.

Ya koma gida ya sami matarsa Mairama tana ba ragonta dusa.

Ya ce, "Na gano asirin yaron ga. Ba tsahi na ba, talla ta. Shi hula yar raba, ni riga za ni rabawa. Shi suna yas sa, ni hoto za ni sawa."

Ta ce, "Hoton wa?"

"Hoton wa kuma? Akwai wani?"

"Da mi za ka buga su?"

Sai ya dubi ragon. Ragon ma ya dube shi.

Mairama ta ce, "Ragona? Wanda nika kiwo tun yana ɗan mitsitsi?"

"Haba uwargida. In ciniki ya buɗe, sa za ni ɗaure miki nan."

"In bai buɗe ba hwa, kai za ni ɗaurewa ga turken ga. Ka ji na hwaɗa ma."

Rago ya tafi kasuwa, maigida ya wuce Sakkwato wurin masu buga riguna. Mai ɗaukar hoto ya ce ya ɗan yi murmushi, sai ya ba shi haƙoran gaba ɗaya har da dasashi. Wuta ta haska, idanu suka yo waje. Aka tambaye shi girman hoton, ya ce a cika ƙirji. Aka ce bayan fa? Ya ce shi ma a cika, don wanda ke tafe a baya bai yi laifin komai ba da za a hana shi gani. Rigunan rawaya ne, masu ɗaukar ido. Wajen bugu kuma jan fenti ya ɗan zarce cikin idanun. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN ƘYALLI, ISA. SHAFA KA ZAMA KAMAR NI.

Ranar kasuwa ya raba su kaf, manoma da makiyaya duk wanda ya zo ya samu. Ni kaɗai ya tsallake, alhali duk Isa babu ƙirjin da riga ke kwanciya a kai kamar nawa. Amma ba komai, na bar shi da Allah.

Da kasuwa ta zagayo ya ɗauko kujera ya zauna ƙofar shago, yana jiran ya ga fuskarsa tana yawo ko'ina. Hantsi ya dubi ludayi, shiru. Ko rawaya ɗaya bai gani ba. Can ya hango Illo, wani manomi daga Turba wanda ya karɓi har biyu. Ya cafko hannunsa.

"Illo, ina rigata?"

"Tana jikina, Alhaji."

"Ina?"

Illo ya ɗaga taguwarsa har wuya. Sai ga haƙoran suna murmushi a kan tumbinsa.

"Ciki kas sa ta? Wa za ya gan ta ciki?"

"Haba Alhaji. Da gemuna da surukaina in shigo kasuwa da 'yar riga ba aljihu kamar ɗan ƙwallo? Amma wallahi tana shan zuhwa."

Ya bi kasuwa yana ɗaga rigunan mutane, ko'ina sai ya iske kansa a ɓoye yana shan gumi. Nan take ya yi shela: duk wanda ya ɗora ta a sama yana da sabulu kyauta.

Sabulu ba abin wasa ba ne. Kafin azahar kasuwa ta koma rawaya, dattawa da rigar talla a kan taguwa kamar an ɗaure buhu. Namu har da 'yar ƙwalla don daɗi. Aka kira salla, aka ɗunguma masallaci haka nan. Wani tsoho a sahu na biyu ya ɗago daga ruku'u, ya yi ido huɗu da bayan na gabansa, sai aka ji ya yi a'uziyya da ƙarfi. Da aka sallame, liman ya juyo. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake duba sahun daga wannan bango zuwa wancan.

Ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ba a salla da hoto." Ya nuna rigar na gabansa. "Balle wanga."

Daga ranar rigunan suka ɓace ɓat. An ce wasu sun kai gida, yara suka ƙi barci. Sabulu ya tafi kyauta, ciniki bai zo ba. Kowace safiya Mairama sai ta share gindin turke tsaf, ta gyara igiya, ta dube shi ta ce, "An tashi lahiya?"

Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai. Rannan yana zaune yana korar ƙuda sai ga Illo da ayarin mutanen Turba da na Kamarawa, sun cika ƙofar shago.

Ya miƙe da rawar jiki. "Sabulu ko mai?"

"Riga muka so, Alhaji. In ta saye ta ma, mu saya."

"Rigata?"

"Ita hwa. Wanda bai samu ba can baya yanzu kuka shikai."

"A sama kuka sa ta ko ciki?"

"Sama! Ko ruwa akai ba a tuɓe ta."

Namu ya leƙa shagon Abdulrauf ya yi gyaran murya yadda za a ji. Ya ce lalle sai ya je ya gani da idonsa. Ya sa tasa rigar, ya yi wanka da turare, ya aika a gaya wa Mairama ta fara neman dusar sa. Ya haye bayan babur ɗin Illo suka kama hanyar Turba.

Tun daga nesa ya fara hango rawaya cikin gonaki. Nan ɗaya, can ɗaya, har iyakar gani. Kowa a tsaye ƙyam, ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Allahu akbar! Tarbata sunka hito yi?"

Illo dai ya ƙara wuta.

Namu ya riƙa ɗaga hannu yana "Sannunku da aiki! Na gode, na gode!" Ba wanda ya amsa. Da babur ya tsaya ya nufi na kusa zai ba shi hannu. Sai ya ga kara biyu ne a gicciye, an cusa ciyawa, an kifa tsohuwar ƙwarya a sama. Ga fuskarsa a ƙirji, ga ta a baya, tana yi wa gero murmushi.

Illo ya ce, "Ka gani? Tun da munka kahwa ka, tsuntsu jan-baki ko ɗaya bai sauka ba. Dubi gonar Jabir da bai samu riga ba."

Ya duba. Gonar maƙwabcin ta yi baƙi ƙirin da tsuntsaye, zangarniya har rangaji take.

Ya juyo kan manoman da suka biyo su. Idanu suka yo waje, suka kaɗa suka yi ja, haƙora suka bayyana. Ya ɗaga hannuwa sama ya kwatsa ihu: "Ni kunka mai da mutum-mutumi? Ni? Ragon matata nis sayar na buga rigunan ga!"

Sai aka ji fuuu! Tsuntsayen gonar Jabir suka tashi gaba ɗaya har suka rufe rana, suka miƙe arewa ba waiwaye.

Manoma suka bi su da kallo har suka ɓace. Suka dubi riga, suka dubi mai riga, suka dubi juna.

Illo ya matso a hankali ya ce, "Rago mai sauƙi na, Alhaji, mu za mu kai ma Mairama. Kai dai kak ka sauke hannuwan ga sai mun yanke gero."